Janani Luwum: Babban limamin cocin da ya tunkari Idi Amin, ya rasa ransa

A ranar 17 ga watan Fabrairun 1977, gidan rediyon gwamnatin Yuganda ya sanar da cewa mutum uku sun mutu a hatsarin mota a Kampala, babban birnin ƙasar. Sanarwar ta ce ana kan hanyar kai su inda za a yi masu tambayoyi ne, sai suka yi yunƙurin fin ƙarfin direba domin su tsere, motar ta ƙwace ta yi karo da wata.

Biyu daga cikin mamatan ministoci ne a gwamnatin Idi Amin: Erinayo Oryema da Charles Oboth Ofumbi. Na ukun shi ne Janani Luwum, Akbishop na Cocin Angilika mai kula da Yuganda da Ruwanda da Burundi da yankin Boga na ƙasar Zayar, wato shugaban ɗaya daga cikin manyan coci-coci biyu na ƙasar.

Kusan babu wanda ya gaskata labarin hatsarin, a ciki da wajen Yuganda. Kwana ɗaya kafin nan an tsayar da mutanen a gaban dubban sojoji an zarge su da cin amanar ƙasa. Bayan kwanaki kaɗan, waɗanda suka ga gawar Luwum suka shaida cewa raunukan harsashi ne a jikinta.

Ɗan makiyaya daga ƙasar Acholi

An haifi Janani Luwum a wajajen shekarar 1922 a ƙauyen Mucwini da ke yankin Kitgum a arewacin Yuganda, kusa da iyakar ƙasar da a yau ake kira Sudan ta Kudu. Ɗan ƙabilar Acholi ne. Mahaifinsa, Eliya Okello, yana cikin mutanen farko da suka karɓi addinin Kirista a yankin, kuma yana koyarwa a coci.

Gidansu ba na masu hali ba ne. Janani ya taso yana kiwon awaki da tumaki, bai shiga makaranta ba sai da ya kai shekara 10. Daga baya ya yi karatu a sakandaren Gulu, sannan ya wuce kwalejin horon malamai ta Boroboro da ke kusa da garin Lira. Da ya gama, sai ya kama aikin koyarwa a makarantar firamare.

A zamanin mulkin mallakar Ingila, arewacin Yuganda yanki ne da aka bari a baya wajen makarantu da hanyoyi. Daga can Turawa suka fi ɗibar sojoji da 'yan sanda da leburori, yayin da ilimi da kasuwanci da aikin ofis suka taru a kudu, musamman a masarautar Buganda. Wannan rabon ya bi ƙasar har bayan 'yancin kai, kuma yana cikin abubuwan da suka shata rayuwar Luwum da mutuwarsa.

Sauyin shekarar 1948

A cikin shekarun 1930 wani yunƙurin farfaɗo da addini ya taso a cikin Cocin Angilika, daga garin Gahini na ƙasar Ruwanda, ya bazu a Gabashin Afirka. Ana kiran mabiyansa Balokole, wato waɗanda suka sami ceto, a harshen Luganda. An san su da furta zunubi a bainar jama'a, da mayar da abin da suka ci na wani, da ƙin giya da taba, da faɗar gaskiya ko da a gaban shugabannin coci ne.

A ranar 6 ga Janairun 1948, wani mai wa'azi na wannan tafiya, Yusto Otunno, ya yi wa'azi a garinsu Luwum. A nan matashin malamin ya miƙe ya bayyana tubarsa a gaban jama'a. Tun daga ranar ya duƙufa ga wa'azi da zafin da ya jawo masa saɓani da hukuma da kuma wasu jagororin cocin, waɗanda ke ganin 'yan Balokole a matsayin masu tayar da zaune tsaye.

Abokan tafiyarsa ne suka ba shi shawarar ya shiga aikin coci gadan-gadan, domin a samu nasu a cikin limamai. A 1949 ya tafi kwalejin tauhidin Kirista ta Buwalasi, kusa da garin Mbale a gabashin ƙasar. Ya yi aiki a cocin St Philip da ke Gulu yana karantarwa, ya koma Buwalasi, kuma a tsakiyar shekarun 1950 aka naɗa shi cikakken limami.

Daga keke zuwa ofishin lardi

Aikinsa na farko mai nauyi shi ne a Lira Palwo, wani yanki mai faɗi a ƙasar Acholi, inda ƙananan coci-coci fiye da 20 ke ƙarƙashinsa, ba shi da abin hawa sai keke. Jama'ar yankin talakawa ne, baikon da ake tarawa bai taka kara ya karya ba, kuma zafin siyasar neman 'yanci ya ɗauke hankalin matasa daga coci.

Shugabanninsa sun lura da ƙwazonsa, suka tura shi Ingila har sau biyu: da farko kwalejin St Augustine da ke Kantabiri, daga baya kuma kwalejin tauhidi ta Landan. Da ya dawo aka ba shi shugabancin kwalejin Buwalasi, inda shi kansa ya yi karatu.

A 1966 aka naɗa shi sakataren lardin cocin baki ɗaya. Shekara ce mai wuya. A watan Mayu, Shugaba Milton Obote ya tura sojoji ƙarƙashin jagorancin Idi Amin suka far wa fadar Kabaka Mutesa na Biyu, sarkin Buganda, wanda ya tsere zuwa Ingila. Fushin mutanen Buganda ya shiga har cikin coci, domin Akbishop na lokacin, Erica Sabiti, ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin, ba ɗan Buganda ba ne. Yankunan coci biyu na Buganda sun yi ta barazanar ɓallewa.

Luwum, ɗan arewa kamar Obote, shi ne ke tsakiyar wannan rikici yana kai gwauro yana kai mari tsakanin ɓangarorin. A nan ya koyi zama da masu ƙinsa a teburi ɗaya, da haƙurin sauraron ƙorafi, da sanin yadda ake magana da masu mulki.

Bishop a yankin da aka fi zubar da jini

A ranar 25 ga Janairun 1969 aka keɓe shi a matsayin Bishop na Arewacin Yuganda, a wani babban taro a filin wasa na Gulu. Shugaba Obote ya halarta. Babban hafsan sojojinsa, Idi Amin, shi ma yana wurin.

Sabon bishop ɗin ya mayar da hankali ga abubuwan da suka dami mutanensa: noma da kiwo, kula da kutare, makarantu, da neman hanyar da cocin zai dogara da kansa ba sai ya jira tallafi daga Turai ba. Ya yi ta zagaya ƙauyuka, ya kuma ƙarfafa wa matasa masu ilimi gwiwa su shiga aikin limanci.

Shekara biyu cif bayan naɗinsa, a ranar 25 ga Janairun 1971, Amin ya kifar da gwamnatin Obote lokacin da shugaban ke taron ƙasashe rainon Ingila a Singafo. A Kampala mutane da dama sun fito murna, musamman 'yan Buganda da ba su manta abin da aka yi wa sarkinsu ba.

A arewa kuwa makoki ne ya biyo baya. Obote ɗan ƙabilar Lango ne, kuma 'yan Lango da Acholi su ne suka fi yawa a rundunar soja. Amin, ɗan ƙabilar Kakwa daga yankin Yammacin Nilu, ya ɗauke su a matsayin barazana. A cikin shekarar farko ta mulkinsa an kashe dubban sojoji 'yan waɗannan ƙabilu biyu a barikoki irin su Jinja da Mbarara da Moroto.

Yankin cocin da Luwum ke jagoranta ya ƙunshi ƙasar Acholi da ta Lango. Saboda haka zawarawa da marayun waɗannan sojoji ƙofarsa suka riƙa zuwa. Tun daga wannan lokaci ya san irin gwamnatin da ake ciki, shekaru kafin sauran duniya ta farga.

Ƙasar da mutane ke ɓacewa

A watan Agustan 1972 Amin ya bai wa 'yan asalin Asiya kwana 90 su bar ƙasar. Dubun-dubatarsu suka fita, aka raba shagunansu da masana'antunsu ga sojoji da 'yan kanzagi. Ba a jima ba sukari da gishiri da sabulu suka zama sai mai hanya.

A watan Satumba na wannan shekara, bayan wani hari da magoya bayan Obote suka kawo daga Tanzaniya ya ci tura, sai kisan ya faɗa kan farar hula. An ɗauke Babban Jojin ƙasar, Benedicto Kiwanuka, daga harabar babbar kotu, ba a sake ganinsa ba. Haka aka yi wa shugaban Jami'ar Makerere, Frank Kalimuzo, da tsohon gwamnan babban banki, Joseph Mubiru.

Kasancewar Amin Musulmi bai kare Musulmi daga takobinsa ba. Shaban Nkutu, tsohon minista kuma fitaccen jagoran Musulmi, an kama shi aka kashe a Janairun 1973. Wanda duk gwamnati ta ga yana da ilimi ko dukiya ko jama'a, to yana cikin haɗari, ko wane addini yake bi.

Hukumar leƙen asirin da ake kira State Research Bureau, mai hedikwata a unguwar Nakasero, ita ce ta fi kowa ban tsoro. Jami'anta kan zo da farin kaya da baƙin tabarau, su jefa mutum a but ɗin mota da rana tsaka. Ƙiyasin da aka fi ambata na waɗanda aka kashe a shekara 8 na mulkin Amin shi ne kimanin mutum 300,000.

Akbishop mai ɗauke da jerin sunaye

A cikin wannan hali ne aka zaɓi Luwum a 1974 ya gaji Erica Sabiti. An ɗora shi a kujerar a babban cocin Namirembe da ke kan wani tudu a Kampala. Shi ne ɗan Afirka na biyu da ya riƙe muƙamin, kuma ɗan Acholi ne a lokacin da zama ɗan Acholi kaɗai kan iya jawo wa mutum mutuwa.

Hanyar da ya zaɓa ita ce ta zuwa da kansa. Idan aka ɗauke wani, danginsa kan garzaya Namirembe. Luwum kan shiga mota ya tafi ofisoshin jami'an tsaro, ko wurin ministoci, ko wurin Amin kansa, yana tambayar inda aka kai wane da laifin da ya yi. Wani lokaci a sako mutumin, sau da yawa kuma a ce ba a san zancen ba.

Wannan hanya ta jawo masa suka. Yana halartar bukukuwan gwamnati, ana ɗaukar hotonsa tare da Amin, har wasu mabiyansa suka riƙa cewa ya zama ɗan fada, yana wanke gwamnatin da hannunta ke jiƙe da jini. Amsar da ya riƙa bayarwa ita ce shi ma kullum yana zaune ne da tsammanin za a zo a ɗauke shi, amma muddin ƙofar shugaban ƙasa na buɗe gare shi, zai shiga ya faɗa masa abin da coci ba ta yarda da shi ba.

A ƙasashen waje kuwa, tauraron Amin bai dushe ba tukuna. A Yulin 1975 Kampala ta karɓi baƙuncin taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, aka ba Amin shugabancinta na shekara guda. A wurin wannan taro ne Janar Yakubu Gowon ya sami labarin an kifar da gwamnatinsa a Legas. A harabar wannan zauren taro ne kuma za a tsayar da Luwum bayan wata 19.

Taron Lweza da wa'azin Kirsimeti

Shekarar 1976 ta zo da ƙarin tashin hankali. A watan Yuli sojojin Isra'ila suka kai samame filin jirgin saman Entebbe suka kuɓutar da fasinjojin da aka yi garkuwa da su, abin da ya kunyata Amin ya kuma ƙara masa zargin kowa. A watan Agusta sojoji suka afka wa ɗaliban Jami'ar Makerere.

A ƙarshen wannan wata shugabannin addinai suka haɗu a Lweza, kusa da Kampala. Akwai bishop-bishop na Angilika, akwai na Katolika ƙarƙashin Kadinal Emmanuel Nsubuga, akwai kuma shugabannin Musulmi har da Muftin ƙasar. Luwum ne ya shugabanci zaman. Sun tattauna kashe-kashe da kame-kame da wawashe dukiyar jama'a, suka nemi ganawa da shugaban ƙasa.

Amin bai gana da su ba. Abin da ya fusata shi shi ne an yi taron ba da izininsa ba, kuma bayanan abin da aka faɗa sun isa kunnensa. Ganin limaman Kirista da malaman Musulunci sun haɗa baki a kan magana ɗaya ya fi kowace zanga-zanga tayar masa da hankali.

A ranar Kirsimetin 1976 ana watsa wa'azin Luwum kai tsaye a rediyo, sai aka katse shi kafin ya kammala. Gwamnati ta fara zargin limamai da wa'azin tayar da fitina. A lokacin kuma cocin na shirin bikin cika shekara 100 da zuwan masu bisharar Angilika na farko fadar Kabaka Mutesa na Ɗaya a 1877. Ana tara kuɗi, ana sa ran baƙi daga ƙasashe da dama, kuma gwamnati na kallon duk wannan da idon tuhuma.

A ranar 30 ga Janairun 1977, wajen bikin keɓe sabon bishop a yammacin ƙasar, Bishop Festo Kivengere ya yi wa'azi kan darajar ran ɗan Adam a gaban manyan jami'an gwamnati, ya ce mulki amana ce da za a tambayi mai riƙe da ita. Luwum na zaune a wurin.

Daren 5 ga Fabrairu da wasiƙar bishop-bishop

Da misalin ƙarfe 1:30 na daren 5 ga Fabrairu, aka ƙwanƙwasa ƙofar gidan Akbishop a Namirembe. Wanda ya yi sallama wani mutum ne mai suna Ben Ongom, jikinsa duk alamun duka. Luwum ya buɗe, yana zaton mai neman taimako ne. Sai ga mutane ɗauke da bindigogi sun kutsa, suna neman ya nuna masu makaman da suka ce an ɓoye.

Sun dafa masa bindiga a ciki, suka binciki gidan ɗaki bayan ɗaki har da inda yara ke barci. Ba su sami komai ba. An kai irin wannan samame gidan Bishop Yona Okoth a gabashin ƙasar, nan ma ba a ga makami ba.

Bishop-bishop suka taru suka rubuta wa Amin wasiƙa mai ɗauke da kwanan watan 10 ga Fabrairu. A cikin ladabi aka rubuta ta, amma ba ta ɓoye komai ba. Ta ce bindigar da aka saya domin kare ɗan ƙasa ita ake juyawa a kansa. Ta ambaci hukumar leƙen asiri da sunanta, ta ce jami'anta na kamawa da kashewa yadda suka ga dama. Ta ce masu ilimi na gudu daga ƙasar, ana ƙwace motoci da dukiyoyin mutane da bakin bindiga, kuma idan har za a yi wa Akbishop haka a gidansa, to talaka ba shi da wata kariya.

An aika kwafin wasiƙar ga ministoci da sauran shugabannin addinai, kuma ba a daɗe ba ta isa ƙasashen waje. 

A ranar 14 ga Fabrairu Amin ya kira Luwum fadarsa ta Entebbe. Matarsa Mary ta dage sai ta raka shi. Amin ya zarge shi da haɗa baki da Obote, ya sa aka ɗauki hotonsu tare, sannan ya sallame shi. 'Yan uwa da abokai sun roƙe shi ya bar ƙasar tun da sauran dama. Ya ƙi, yana mai cewa ba shi da laifin da zai guje wa, kuma makiyayi ba ya barin garke.

Ranar 16 ga Fabrairu

Da safiyar Laraba 16 ga Fabrairu aka kira shugabannin addinai da ministoci da jakadu zuwa harabar otal ɗin Nile Mansions, kusa da babban zauren taro na Kampala. An jera sojoji, an kuma baje bindigogi da harsasai a ƙasa, waɗanda aka ce an kama su ne a hannun masu shirin juyin mulki. Kanar Isaac Maliyamungu, ɗaya daga cikin na hannun daman Amin, shi ne ya jagoranci zaman.

Aka fito da fursunoni, ciki har da Abdalla Anyuru, tsohon shugaban hukumar ɗaukar ma'aikata, aka sa su karanta wata takarda da aka ce Obote ne ya rubuta daga Tanzaniya. A cikinta an ambaci Luwum a matsayin wanda za a bi ta hannunsa a shigo da makamai. Ba a ba shi damar kare kansa ba. Ya dai girgiza kai alamar musantawa.

Mataimakin shugaban ƙasa, Mustafa Adrisi, ya tambayi sojoji abin da ya dace da maciya amana. Suka amsa da ihu cewa a kashe su.

Bayan an shafe sa'o'i a tsaye cikin rana, aka shigar da bishop-bishop wani ɗaki, daga bisani aka ce su tafi, ban da Akbishop, wai shugaban ƙasa na son ganinsa. Kivengere ya ba da labarin cewa Luwum ya riga ya shaida masa a ranar cewa kashe shi za a yi, kuma ba ya jin tsoro. Shi da Bishop Silvanus Wani sun tsaya a waje suna jira har sojoji suka kore su.

A wannan yammaci aka kama ministocin biyu. Oryema ɗan Acholi ne, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya zama sufeto janar na 'yan sandan Yuganda. Oboth Ofumbi shi ne ministan cikin gida. Washegari aka sanar da hatsarin mota.

Gawar da aka hana iyali

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ministan lafiya na lokacin, Henry Kyemba, ya tsere daga ƙasar bayan watanni kaɗan, ya wallafa littafi mai suna A State of Blood, inda ya bayyana cewa gawarwakin uku cike suke da raunukan harsashi, kuma an harbi Luwum a baki da ƙirji. Mujallar Time ta ruwaito a lokacin cewa wasu rahotanni na cewa Amin ne da kansa ya yi harbin. Adrisi kuma daga baya ya ɗora alhakin a kan Maliyamungu.

Gwamnati ba ta miƙa gawar ga coci ko iyali ba. Sojoji ne suka ɗauke ta a rufaffen akwati zuwa Mucwini. Mutanen ƙauyen sun buɗe akwatin suka ga raunukan da idonsu, sannan aka binne shi a harabar cocin da ke Wii Gweng.

A Kampala an riga an haƙa kabari a Namirembe. Ranar Lahadi 20 ga Fabrairu dubban mutane suka hau tudun duk da gargaɗin hukuma, suka yi addu'a a gefen kabarin da babu kowa a ciki. Ga Kiristocin Yuganda, abin ya tuna masu da matasan da Kabaka Mwanga ya kashe saboda addininsu tsakanin 1885 da 1887, da Bishop James Hannington da aka kashe a 1885.

Kivengere da matarsa suka tsallaka duwatsu da ƙafa zuwa Ruwanda. Mary Luwum da 'ya'yanta suka koma Kenya. Bishop-bishop da suka rage suka zaɓi Silvanus Wani, wanda ɗan ƙabilar Amin ne, ya gaji kujerar, aka kuma yi bikin cika shekara 100 a watan Yuni kamar yadda aka tsara.

Abin da kisan ya jawo

An kashe dubun-dubatar mutane kafin Luwum ba tare da duniya ta motsa sosai ba. Kisan shugaban coci da ministoci biyu a rana ɗaya ya sauya lissafi. Shugaban Amurka Jimmy Carter ya yi Allah wadai da kakkausar murya, Amin ya mayar da martani da hana Amurkawan da ke Yuganda fita na 'yan kwanaki kafin ya janye. A watan Yunin 1977 taron ƙasashe rainon Ingila a Landan ya la'anci take haƙƙin ɗan Adam a Yuganda. A 1978 Amurka ta haramta ciniki da ƙasar, abin da ya taɓa gahawa, babbar hanyar samun kuɗin gwamnati.

A cikin gida, manyan jami'ai sun gane cewa kusanci da Amin ba ya kare kowa, wasu suka fara sulalewa. A ƙarshen 1978 sojojin Amin suka mamaye yankin Kagera na Tanzaniya. Shugaba Julius Nyerere ya mayar da martani, kuma a ranar 11 ga Afrilun 1979 Kampala ta faɗa hannun sojojin Tanzaniya da 'yan gudun hijirar Yuganda. Amin ya gudu Libiya, daga baya ya zauna a Saudiyya, inda ya mutu a Jidda a watan Agustan 2003 ba tare da ya gurfana a gaban wata kotu ba.

Faɗuwarsa ba ta kawo ƙarshen zubar da jini ba. An kai wa Musulmi da 'yan Yammacin Nilu harin ramuwar gayya a wasu yankuna kan laifin da ba su suka aikata ba. Ƙasar Acholi kuma, mahaifar Luwum, ta shafe kusan shekara 20 daga ƙarshen shekarun 1980 tana fama da yaƙin 'yan tawayen Joseph Kony.

Yadda ake tunawa da shi

A watan Yulin 1998 aka buɗe mutum-mutumi 10 a saman ƙofar yamma ta cocin Westminster da ke Landan, na Kiristocin da aka kashe saboda imaninsu a ƙarni na 20. Na Luwum na cikinsu, tare da na Martin Luther King na Amurka da Oscar Romero na El Salvador da Dietrich Bonhoeffer na Jamus.

A 2015 Shugaba Yoweri Museveni ya ayyana 16 ga Fabrairu a matsayin ranar hutu ta ƙasa domin tunawa da shi, aka fara kiyaye ta a 2016. Kowace shekara dubban mutane kan nufi Mucwini a wannan rana. Dogon benen da cocin ya gina a tsakiyar Kampala domin samun kuɗin shiga, wanda Luwum ya yi ta fafutukar ganin an fara tun yana raye, yanzu sunansa yake ɗauke da shi.

Har yau masana tarihin cocin Yuganda na muhawara kan shekarunsa uku a kujerar Akbishop. Wasu na ganin ya daɗe yana bin gwamnati da lalama, kuma da coci ta ɗaga murya tun 1971 da aka fara kashe sojojin Acholi da Lango, da wataƙila an rage asara. Wasu kuma na cewa wannan lalamar ce ta ba shi damar fito da mutane daga hannun jami'an tsaro, kuma da ta ƙare bai yi shiru ba, bai kuma gudu ba.

Mary Luwum ta rayu shekara 42 bayan mijinta. Ta rasu a 2019, aka binne ta kusa da shi a Wii Gweng.